Takardar da Na Kusa Sa wa Hannu

Karatu: Littafin Ƙidaya 27:1-11, Luka 18:1-8

Ɗan'uwana mai karatu, a aljihun teburina akwai wani ɗan hatimi na roba mai ɗauke da sunan ikilisiyarmu. Nauyinsa bai kai na ƙwan kaza ba, amma duk takardar da na buga shi a kanta ta tashi daga maganata ni kaɗai, ta zama maganar jama'ar Allah. Shekara ashirin da 'yan kai ina buga shi a takardun baftisma, da na aure, da na shaida ga matasa masu neman aiki ko makaranta, hannuna bai taɓa rawa ba, sai wata ranar Talata da yamma, cikin damina, da wata 'yar ikilisiyarmu ta shigo ofishina riƙe da takarda, idanunta sun kumbura don kuka.

Ba zan faɗi sunanta ba, ko da yake da izininta nake ba ka labarin. Ita ce babba cikin 'ya'ya mata huɗu. Mahaifinsu ya rasu tana aji biyu a ƙaramar sakandare, ni na yi masa jana'iza, ya bar musu gida da gona guda a bayan gari. Mahaifiyarsu da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take riƙe da su. Yarinyar nan Allah ya ba ta kai. Ta sami gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya don karatun haɗa magunguna, kuɗin shekarar farko kuwa sai da awaki uku da buhun masara biyu suka tafi kasuwa kafin ya cika. Babu wanda ya san inda na shekara ta biyu zai fito.

Ana cikin haka wata gidauniya ta ba da sanarwar tallafin karatu ga ɗaliban jami'a. Ta nema, takardunta suka wuce tantancewar farko, aka kira ta Kaduna don jarrabawar gwajin basira a kan kwamfuta. Tambaya 60 cikin minti 45: Turanci, da lissafi, da wasu zane-zane da ake so mutum ya gano wanda zai biyo baya a jere. Ana neman maki 60 cikin 100. Ta sami 41. Saƙon da suka aiko mata gajere ne, na ba da haƙuri, amma a ƙarshensa akwai layi guda: wanda rashin lafiya ko matsalar na'ura ta hana shi yin abin kirki a ranar, yana iya rubuta koke cikin kwana 14, tare da shaida.

Ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙo takardar da hannu biyu. Koke ne, an tsara shi da kyau. Ya ce zazzaɓin cizon sauro ya kama ta tun daren jajiberin jarrabawar, ta shiga ɗakin tana rawar sanyi. Wata ƙawarta a ɗakin kwanan ɗalibai, wadda ita ma ta faɗi, ita ta koya mata dabarar, ta kuma san inda za a samo takardar asibiti. Abin da ya rage shi ne wasiƙar fasto mai tabbatar da halinta da gaskiyar maganarta.

Na ce, “'Yata, da gaske kin yi zazzaɓi ran nan?”

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, “Baba, kaina ya yi ciwo.”

“Kafin jarrabawar, ko bayanta?”

Ta daɗe ba ta amsa ba. “Bayanta, Baba.”

Da zan iya, da na gaya maka nan take na mayar mata da takardar. Ban yi haka ba. Na ce ta bar ta a wurina, ta dawo ranar Alhamis. Daren nan kuwa na gane cewa wanda ya yi karatun tauhidi ya fi kowa iya nemo wa zunubinsa aya. Na tuna da ungozoman nan na Masar, Shifra da Fuwa, waɗanda ba su gaya wa Fir'auna gaskiya ba, Allah kuwa ya sa musu albarka. Na tuna da Rahab ta Yariko. Na ce wa kaina, kuɗin nan ai don irin su aka ware shi, marainiya ce, ta cancanta, kalma ɗaya ce kawai ba daidai ba. Na yi ta juyi a kan gado har matata ta tambaye ni abin da ke damuna. Da na gaya mata, ba ta kawo mini aya ko ɗaya ba. Cewa ta yi, “Baban yara, duk ranar Lahadi za ta zauna cikin mawaƙa tana kallonka kana wa'azi, ta san abin da ku biyu kuka sani.” Ta juya ta yi barcinta.

Ungozoman Masar rayukan jarirai suka ceta daga hannun mai kisa. A nan babu Fir'auna. Akwai wani ɗalibi, wataƙila shi ma maraya, wanda ya sami 60 da guminsa, wanda gurbinsa za mu ci da takardar ƙarya ba tare da mun taɓa ganin fuskarsa ba.

Washegari na sami ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya, mutum mai tsoron Allah, na ba shi labarin faɗuwarta ba tare da na ambaci maganar zazzaɓin ba. Ya girgiza kai ya ce, “Fasto, a gaya mata ta yi haƙuri. Abin da Allah bai ba mutum ba, ba a binsa da takarda.” Na san da kyakkyawar zuciya ya faɗa, kuma kai ma, mai karatu, ka sha jin irin wannan, wataƙila ka sha faɗarta. Mun tashi cikin tarbiyyar da ta ɗauki kunya da kawaici ado, ado ne kuwa. Amma sau da yawa mukan sa wa tsoro rigar haƙuri. Talaka yakan ga ƙofa a rufe ya juya, alhali ɗan mai hali yakan ƙwanƙwasa, ya tambayi wa ke ciki, ya dawo gobe. Sai na ga ina tsakanin ramuka biyu: ƙawarta na cewa a yi magana ko da ƙarya ce, dattijo na cewa a yi shiru don kada a yi wa Allah gardama.

A ranar Laraba ne, ina shirin addu'ar tsakiyar mako, na koma ga wani wuri a Littafin Ƙidaya wanda yawancinmu mukan tsallake, domin yana tsakanin jerin sunaye da dokokin hadaya. A sura 26 an ƙidaya Isra'ilawa a filayen Mowab, maza daga mai shekara 20 zuwa sama, aka sami 601,730. Bisa ga wannan ƙidaya za a raba ƙasar alkawari. Ma'auni ne mai tsari, Ubangiji ne ma ya umarta a yi shi. Duk da haka akwai gidan da ma'aunin bai gani ba. Zelofehad na kabilar Manassa ya mutu bai bar ɗa namiji ba, sai 'ya'ya mata biyar: Mala, da Nuwa, da Hogla, da Milka, da Tirza. A lissafin rabon gādo, gidansu babu shi.

Ka dubi abin da suka yi. Ba su zauna a bayan alfarwarsu suna gunaguni ba, irin gunagunin da ya hallaka tsarar iyayensu a jeji. Sun je inda ake yanke hukunci, bakin ƙofar alfarwa ta sujada, suka tsaya gaban Musa, da Ele'azara firist, da shugabanni, da taron jama'a duka. 'Yan mata biyar, marayu, a gaban dattawan al'umma. Amma abin da ya tsayar da ni ranar shi ne yadda suka ba da labarin mahaifinsu. Sun bayyana cewa ba ya cikin ƙungiyar Kora da ta tayar wa Ubangiji, wannan gaskiya ce mai taimakonsu. Sa'an nan suka ƙara da wadda ba ta taimakonsu, wato shi ma saboda zunubinsa ya mutu, kamar sauran tsararsa. Ba wanda ya tilasta musu su faɗi wannan. Suna iya shafa wa tarihinsa mai, su mai da shi waliyyi. Ba su yi ba. Suka kawo gaskiyar dukanta, suka kuma roƙi abu guda takamaimai, a ba su rabo tare da 'yan'uwan mahaifinsu don kada sunansa ya ɓace.

Musa bai ce musu doka ta riga ta yi magana ba. Bai kuma yanke daga kansa ba. Ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji kuwa ya ba 'yan matan gaskiya, har kokensu ya zama ka'ida ga Isra'ila duka. Maganar ma ba ta ƙare a nan ba. A sura 36 shugabannin danginsu suka kawo nasu koken, suna tsoron kada gādon ya koma wata kabila ta hanyar aure, aka saurare su su ma, aka daidaita. Bayan an shiga ƙasar kuma, a Joshuwa 17, sai ga 'yan matan nan sun sake tsayawa gaban Ele'azara da Joshuwa suna tunatar da su alkawarin. Ashe Allahn da ya ba da doka bai ɗauki koke na gaskiya a matsayin tawaye ba.

Ranar Alhamis ta dawo. Na ce mata ba zan buga hatimi a kan zazzaɓin da ba a yi ba, amma ba zan bar ta ta yi shiru ba. Na ce ta gaya mini ainihin abin da ya faru a ɗakin jarrabawar. Ta ce ta ɓata kusan rabin lokacin a kan tambayoyin lissafi goma na farko, tana warware kowace ɗaya daki-daki a takarda kamar yadda aka koya mata a makaranta. Da ta ɗaga kai ta ga agogon da ke gefen allon, sai zuciyarta ta tsinke. Zane-zanen kuwa ba ta taɓa ganin irinsu ba. Ta bar tambaya 19 ba ta taɓa su ba. Na tambaye ta ko rashin sabo da kwamfuta ne, ta ce ba za ta iya fakewa da wannan ba, tun da jarrabawar JAMB ma, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake yinta gaba ɗaya, ta yi ta kuma ta ci. Daga bisani ta faɗi abin da ya fi mata wuyar faɗa: ba ta yi shiri ba. Ta saba zama ta ɗaya, ta ɗauka wannan ma haka za ta kasance.

Bari in tsaya a nan in faɗi ra'ayina a kan irin wannan gwaji, domin na ji wasu iyaye suna la'antarsa. Ni ban ɗauke shi mugun abu ba. Kwamitin da ke da gurabe kaɗan da masu nema masu yawa dole ya sami rariya, rariyar jarrabawa kuwa ta fi rariyar “wa ka sani” adalci nesa ba kusa ba. Sai dai rariya girman ramukanta kawai ta sani. Gwajin minti 45 yana auna sauri, da natsuwa a ƙarƙashin agogo, da sabo da salon tambayoyin. Ba ya auna yarinyar da ke tashi da asuba ta taya uwarta matsar mai kafin ta buɗe littafi. Ba ya auna naci na shekara biyar. Wanda ya faɗi irin wannan jarrabawa ya koyi wani abu na gaskiya game da kansa, amma ba a gaya masa ko shi wane ne ba. Ni kaina na faɗi jarrabawar Helenanci ta farko a makarantar tauhidi, na je wurin malaminmu ina roƙo, ya ƙi ƙara mini ko rabin maki, ya kuwa ba ni yammacin kowace Juma'a har ƙarshen zangon.

Muka zauna muka sake rubuta koken, shafi guda tak. Ta gode musu da suka kira ta gwajin. Ta rubuta makinta da hannunta, ta ce ba ta yi ciwo ba, na'ura kuma ba ta lalace ba. Ta bayyana kuskurenta na rabon lokaci cikin jimla biyu, ba tare da ɗora wa kowa laifi ba. Sa'an nan ta kawo abin da gwajin bai gani ba: sakamakon WAEC, da na zangon farko a jami'a, da takardar shaidar rasuwar mahaifinta, da halin da gidansu ke ciki, a taƙaice, ba da kuka ba. A ƙarshe ta roƙi abu takamaimai, kamar 'ya'yan Zelofehad: ko a sake duba takardunta gaba ɗaya, ko a ba ta damar sake zama, ko a sa ta cikin masu jiran gurbi, in duk ba zai yiwu ba, a gaya mata makinta na kowane sashe don ta san inda za ta gyara. Ni ma na rubuta tawa wasiƙar, ban sa kome a ciki ba sai abin da idona ya gani cikin shekarun da na san ta. A kan wannan na buga hatimin.

Da ta karanta duka, ta dube ni ta ce, “Baba, ai wannan ba ta cika sharaɗinsu ba. Ciwo suka ce, ko matsalar na'ura.”

Na ce, “Na sani, 'yata.”

“To, in sun ƙi fa?”

Ba ni da alkawarin da zan yi mata. Muka durƙusa a ofishin muka yi addu'a, ta koma Zariya ta aika da takardun kwana uku kafin wa'adin ya cika.

Cikin makonnin jira na yi ta tunanin gwauruwar nan da Ubangiji Yesu ya ba da misalinta a Luka 18, wadda ta yi ta zuwa wurin alƙalin da ba ya tsoron Allah, ba ya kuma ganin girman mutum, har ya gaji ya biya mata hakkinta. Kalmar Helenanci da Luka ya yi amfani da ita wajen bayyana abin da alƙalin ke gudu, kalmar 'yan dambe ce, ta naushi a ƙarƙashin ido. Nacin tsohuwa marar kowa ya zama wa mai iko kamar dunƙulen hannu. Na ƙarfafa yarinyar da wannan, ta kuwa riƙa kiran ofishinsu sau ɗaya a mako, cikin ladabi, tana tambayar inda aka kwana. Amma dole in yi maka gargaɗin da na yi wa kaina. Yesu ya ba da misalin ne don mu riƙa addu'a kada mu karai, yana nuna cewa in mugun alƙali ya saurara, balle Uba mai ƙauna. Bai yi alkawari cewa kowane kwamiti na duniya zai sauya hukuncinsa don mun nace ba.

Bayan mako biyar amsa ta zo. Sun ƙi. Sun yaba da gaskiyarta cikin jimla ɗaya, sun aiko mata da makin kowane sashe, sun ce tana iya sake nema a shekara mai zuwa. Shi ke nan.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Ƙawar nan tata da ta aika da takardar asibiti ta ƙarya, an ba ta damar sake zama, ta ci, ta sami tallafin.

Da yarinyar ta zo hutu, ta gaishe ni a ƙofar majami'a kamar yadda ake gaida baƙo. Lahadi biyu ba ta shiga cikin mawaƙa ba. Da na je gidansu, ta fito ta durƙusa, ta ce, “Baba, da ka bar ni, da yanzu Mama ta huta.” Ban taɓa jin maganar da ta soke ni kamar wannan ba cikin aikina. Na san Zabura 73, inda Asaf ya yi kishin masu mugunta da ya ga suna ci gaba, har ƙafarsa ta kusa zamewa. Na san Musa kansa ya roƙi Ubangiji ya bar shi ya haye Urdun, aka ce masa maganar ta isa haka, ya hau Fisga ya hangi ƙasar da ido kawai; mutumin da ya kai koken 'yan mata biyar aka karɓa, nasa koken aka ƙi. Na san Bulus ya roƙa sau uku a kan ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ta ba. Duk waɗannan suna bakina, amma ban faɗi ko ɗaya ba. A tsakar gidan nan, ga kaskon suyar ƙuli-ƙuli yana hayaƙi, ga ƙannenta uku suna kallona, na ga wani abu da ban gani ba a ofishina: gaskiyar da na tsaya a kanta, ni ba ta ci mini ko kwabo ba. Ita da uwarta ne suka biya kuɗinta.

Wannan ya hana ni barci fiye da daren farko. Har yanzu ban yi shakkar cewa ƙin buga hatimin shi ne daidai ba. Amma makiyayin da ya hana tunkiya ciyawar gonar wani, ya kuwa bar ta da yunwa, rabin aikinsa ya yi. Yakubu ya tsawata wa mai sallamar mayunwaci da fatar baki, hannu wofi. Na kai maganar gaban majalisar dattawa, na ce mun shekara muna tara kuɗin rufi da na benci, ba mu taɓa ware ko sisi don karatun marayunmu ba. An yi muhawara, wasu suka ce in aka fara ba za a iya tsayawa ba, suna da gaskiyarsu. A ƙarshe aka yarda da baiko na musamman sau ɗaya a kowane wata uku. Zumuntar Mata suka ba da kwasan adashinsu guda. Ni da matata muka sa abin da muka tara don gyaran babur. Dattijon nan da ya ce a yi haƙuri, shi ne ya fara zuwa, da buhun dawa biyu a kan amalanke, ya sauke a ƙofar gidansu bai ce kome ba.

Abin da aka tara bai kai ba. Ya biya kuɗin makaranta, bai biya na ɗaki da abinci duka ba, mahaifiyarta kuwa sai da ta ci bashi. Amma gonar mahaifinsu, wadda wani ya riga ya taya, ba a sayar ba bana.

Lokacin da nake wannan rubutu, tana gida hutu. Wani malamin makaranta a ikilisiyarmu ya ara mata kwamfutarsa, takan zo ofishina da yamma, in cire agogon bango in ajiye mata a kan tebur, ta yi tambaya 60 cikin minti 45. Makon jiya ta bar huɗu kawai. Zane-zanen har yanzu suna ba ta wahala, ni kuwa ba ni da abin da zan taimaka mata da shi a nan, domin na gwada guda biyar na ci ɗaya. Ta koma cikin mawaƙa. Ba ta ce mini na yi daidai ba, ni ma ban tambaye ta ba. Za ta sake zama jarrabawar bayan girbi, in Ubangiji ya kai mu. In ka durƙusa yau da dare, ɗan'uwana, ka ambace ta, da mahaifiyarta, da ƙawar nan tata ma; Ubangiji ya san sunayensu.